Kawuna da Karnukan Bayan Dutsi

Daga Allah muka zo, gare shi kuma kowa zai koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya koma. Ya cika da la'asar a garkarsa ta bayan dutsi, jingine da gindin gawo, hularsa a kan gwiwa. Wata mai itace ce ta ji karnukansa suna wani irin kuka da ba ta taɓa ji ba, ta leƙa ta kan darni, ta yar da itacenta ta sheƙo gari.

Ina lakwal, makarantar da nake koyarwa, ina duba takardun yara aka kira ni. Da na isa na tarar da maza jingim a bakin garkar, babu wanda ya shiga. Wani ya ce tsoron cizo yake ji. Wani ya ce yana da alwala. Wani ya toshe hanci da bakin rawani yana ta tofar da yawu. Kawu yana ciki, ƙudaje sun fara sauka a fuskarsa, su kuwa suna shawarar ko a nemo mai bindiga tukuna. Ni na shiga na ɗaure karnukan ɗaya bayan ɗaya, na kore ƙudajen, na rufa masa gyalena. Sai a lokacin maza suka sami ƙarfin hali suka ɗauke shi.

A gidansa na cikin gari aka yi zaman makoki, kuma can na ji abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba, daga Gesheme, daga Sukukutane, har da na Tibiri. Amma addu'ar da yawa daga cikinsu da ƙaiƙayi take fitowa.

"Allah ya jiƙan shi, ya yafe mai abin da ya ɗora ma kai nai," in ji wani tsoho, kamar Kawu fashi ya yi.

A tsakar gida wata mata ta sunkuyo wa maƙwabciyarta, muryarta kuwa har zaure ana ji. "An ce da aka iske shi, karnukan sun lashe mai fuska tas."

"Karnuka? Ai iskoki nai ne. Kowa ya san doguwa ce ta ɗaure shi can bayan dutsi."

Mai wannan maganar tana kan kwanon tuwo na biyu ne, miya har gwiwar hannu. Akwai wanda ya zo da tabarmarsa daga gida don kada ya zauna kan tamu. Akwai wadda ta tambaye ni ko butar da na miƙa mata ta taɓa zuwa garka, da na ce ban sani ba, ta ajiye ta da yatsu biyu. Na sha ganin ƙazanta a hidimar karnukan Kawu, har na yi amai ba sau ɗaya ba, amma zuciyata ba ta taɓa tashi kamar yadda ta tashi a tsakar gidan nan ba. Ni na fara isa gare shi. Karnukan suna zaune kewaye da shi nesa kaɗan, babu wanda ya taɓa ko yatsansa. Ina so a san wannan, kuma ina so a san mutumin kafin bakin mutane ya gama cinye shi.

Kawu ma'aikacin dabbobi ne. Ya yi ƙuruciyarsa a kan moto, wato babur, cikin yashin Sukukutane da ƙauyukan Gesheme, yana yi wa shanu da awaki allura. Da ya ajiye aiki, kowa ya zaci kiwon tumaki zai kama kamar sauran tsofaffi. Sai ya kewaye garkarsa da darni, ya fara kwaso karnukan da gari ya yar: na ma'aikatan da aka canza wa wurin aiki suka tafi suka bar su ɗaure, waɗanda kamiyo, babbar motar kaya, ya take a hanya, waɗanda yara suka fasa wa ido da dutse, da 'yan kwikwiyon da ake zubarwa a juji cikin buhu. Kowane da inda ya tsince shi yake kiransa. Akwai Tasha, akwai Kwata, akwai Mahauta, akwai wata da ake ce wa Bayan Asibiti.

Ran da na fara zuwa, saƙon mahaifiyata na kai masa. Tun daga nesa wari ya tare ni, warin kashi da rubabben nama da jiƙaƙƙen gashi. Na iske shi durƙushe kan wani baƙin kare da igiya ta ci wuyansa har ta nutse cikin nama. Yana zaro tsutsotsi daga gyambon da tsinken tsintsiya, farare, masu ƙiba, yana jefa su cikin gwangwanin kananzir, suna ta mutsu-mutsu. Ban san lokacin da abincin safe ya dawo mini ba.

Bai ko ɗago kai ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. "Uwata, in kin gama amanki, ki zo ki riƙe mini ƙafa tai. Hannuna biyu ne kawai."

Na riƙe, fuskata a juye, ina jin jikin karen yana rawa a tafina. Da muka gama ya zuba mini ruwa da toka na wanke hannu, ya ce, "Kin ga? Ba ki mutu ba."

Yana da tsari, kuma ba ya wasa da shi. Rigar aiki daban, tana rataye a darni, ba ta shiga gari. Rumfar da yake salla a wajen shinge take, kare bai taɓa taka ta ba. Kullum da hantsi yakan bi masu tuwo da bokiti yana karɓar ƙanzo, ya biya mahauta ya kwaso abin da ko angulu sai ta yi tunani kafin ta ci, ya dafa da dusa a cikin rabin gangar ƙarfe. Idan aka yi masa dariya a hanya yakan tsaya ya gai da mai dariyar da kyau, ya tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya ɗaya, har mutumin ya rasa inda zai sa idonsa.

Da gwiwoyinsa suka ƙi, fita da karnukan ta gagare shi. Kare kuwa in ya daɗe a ɗaure haukacewa yake, ya yi ta cizon igiya yana cizon ɗan'uwansa. Lokacin hutun lakwal ne, na ce zan riƙa zuwa da safe har ya ji sauƙi. Bai ji sauƙin ba, ni ma ban daina ba.

Kada a ɗauka daɗi nake ji. Nakan fita da uku ko huɗu a igiya, mu bi gindin dutsi mu zaga ta gonakin gero mu dawo, sannan in ɗebi wasu. Suna ja na kamar za su cire mini kafaɗa. Kwata ba ya wuce kashin mutum bai tsaya ya ci ba, ya kuma juyo yana neman lasar hannuna. Wata rana Mahauta ya kuɓuce mini ya faɗa cikin mushen jaki da ya kumbura, ya yi ta birgima a ciki yana murna, ya fito da ruwan mushen yana ɗiga daga kunnuwansa. Ni na wanke shi. Na yi wanka da sabulu har fatata ta yi zafi, amma da na shiga aji sai da wata yarinya ta gaba ta ce, "Madam, wani abu ya mutu a nan." Ga kaska, wadda ake cirewa daga kunnuwansu ta cika da jini kamar ƙwayar wake, in ka matse ta fashe maka a farce. Ga yaran unguwa suna bina da waƙar madam mai kare. Maigidana ya yi haƙuri da ni, sai dai ya ware mini bokiti da igiyar shanya tawa ni kaɗai.

Na taɓa ce wa Kawu, "Wallahi ni ƙyamarsu nake ji. Ban ga ranar da zan so su ba."

Ya ce, "Wa ya ce ki so su? Cewa na yi ki kai su su sha iska. Mai jinya ba son gyambo take ba."

Ba waliyyi ba ne, kuma ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Yana da taurin kai, yana da baki mai yanka. Babban ɗansa, taubashina, mai shagon wayoyi ne a kasuwa, kuma ya sha wuya da sunan ubansa. Ran da aka yi sunan ɗan taubashin nawa na fari, Kawu bai zo ba sai da aka watse, wai wata karya ce haihuwa ta zo mata da gardama. Ya shigo yana ba da labarin yadda ya juya ɗan kwikwiyon a ciki, a gaban surukai. Na ga fuskar taubashina a ranar, kuma ban ga laifinsa ba da ya fita ya bar gidan.

Bayan haka ne ya zo garka da abokansa biyu, samari masu zuwa karatu tare. Ina nan ina kwance igiyoyi. Suka tsaya a wajen darni.

"Baba, cikin kasuwa ɗan mai kare ake ce mini. Kuma ka san mala'iku ba su shiga inda kare yake."

Kawu yana juya dusa a ganga. "Shi ya sa ban kai su gida ba. Uwarka na can da mala'ikunta, lahiya lau. Nan ni da su ne, kuma ban ji malamin da ya ce Allah bai ganin bayan dutsi ba."

Ɗaya daga cikin abokan, wani dogo mai sanyin murya, ya ce, "Baba, ba raini muka zo yi ba. An yarda da na gadi da na farauta. Waɗannan fa mi suke tsarewa?"

"Ba su tsaron komi, ɗana. Yunwa suke ji."

Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Amma taubashina ya ce, "To in ka mutu, wa za ya gaji wagga ƙazanta?"

Kawu ya wurgo masa muciyar, da dusa da komai, ta same shi a ƙirjin farar rigarsa. "Ba kai ba! Ko allurata ba ka gada, bare su." Har azumi ya zo ya wuce ba su yi wa juna magana ba. Daga baya sun shirya, irin shirin da ake gaisawa ba a haɗa ido.

Ga kuma ɗaya fuskar tasa. A wani ƙauye kusa da Kiyeshe akwai wani tsohon mafarauci da ya makance. 'Ya'yansa suka ga karensa ba ya kawo komai sai ci, suka kore shi da duwatsu. Karen, wani ja mai yagaggen kunne, ya biyo amalanke har nan garinmu, tashar Dogon Dutsi, Kawu ya gane shi, don shi ya taɓa ɗinke kunnen. Ya yi jinyarsa, sannan ya ɗauki hayar amalanken jaki, ya ce in raka shi.

Muka iske tsohon zaune a rana, shi kaɗai, a bayan rumbu. Karen ya fizge igiya daga hannuna ya je ya sa kai a cinyarsa. Tsohon ya lalubi kan, ya lalubo kunnen, yatsunsa suka tsaya a kan ɗinkin. Hawaye kawai ke fita daga idanun nan farare. Surukarsa kuwa ta ɗauko tsintsiya tana share inda karen ya taka, tana tsaki, ƙurar tana tashi a kan tsohon.

Kawu ya ajiye masa ƙullin sukari da goro. "Karenka ne ya aiko maka. Ya ce in gaya maka ya sami aiki a birni."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ba a yarda karen ya zauna ba, don haka Kawu ya riƙa kai shi ziyara lokaci lokaci, da gwiwoyin nan nasa, har mafaraucin ya rasu. A makokin Kawu na ga 'ya'yan mutumin. Sun yi addu'a, sun ci, sun tafi. Ko ɗaya bai ambaci wannan ba.

Ba a tashi makoki ba abin ya faru. Na ci gaba da zuwa garka kowace safiya, don yunwa ba ta san an yi mutuwa ba. Ran nan na doso da bokitin ƙanzo, ban ji ko kare ɗaya yana haushi ba. Kullum tun daga kwanar gonaki suke jin tafiyata su ɗauka. Na ɗaga kai na ga angulaye sun cika gawo.

An jefo musu nama ta kan darni, an barbaɗe shi da wani shuɗin gari. Suna ɗaure, ba su da inda za su gudu. Kowane ya mutu a ƙarshen igiyarsa, ya tona rami da ƙafafu, baki cike da kumfa, ga zawo da jini ko'ina. Tasha ya ciji harshensa har ya rabe. Kwata bai gama ba, yana ta shure-shure, idonsa a kaina, ƙudaje sun riga sun cika masa baki. Na zauna a ƙasa cikin ƙazantar na riƙe kansa har ya daina. Karen da na fi ƙyama duk garkar ke nan.

Uku suka tsira, don suna cikin ɗan ɗakin jinya a rufe: wata gurguwa da mota ta karya wa ƙugu, da 'yan kwikwiyo biyu.

Ban wanke jikina ba. Haka na taho gari, zanena duk kumfa da jini, na ratsa ta tsakiyar tabarmin maza a ƙofar gida. Suka riƙa janye ƙafafu suna kama hanci. Na tsaya a kan taubashina.

"Wa ka aika?"

Ya dubi zanena, ya kau da kai. "Cewa na yi a kawar da su. Akwai mai son filin, kuma ya ce ba ya saye da su a ciki. Ban ce a yi..."

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Tashi ka je ka ga abin da ba ka ce a yi ba."

Wani dattijo ya daka mini tsawa. "Ke! Mace ba ta tsayuwa kan maza cikin makoki. Don karnuka?"

Sai muka ji murya daga cikin zaure. Matar Kawu ce, tana cikin takaba, ta taso daga ɗakinta ta tsaya a bayan ƙofa. Wannan mata ba ta taɓa taka garkar nan ba. Shekara da shekaru tana faɗa da shi a kan karnukan, ba ya shiga ɗakinta sai ya yi wanka ya sake tufa.

"Ɗiyata, akwai wanda ya rage?"

"Uku, Inna."

"A kawo su nan."

Taubashina ya miƙe. "Inna, cikin gida? Ga mutane..."

"Na ga mutane. Ina jin su tun ran da aka kai shi. Ni na zauna da shi, ni na san warin, ban kuwa taɓa jin ya yi wa wani abin da kuka yi yau ba. A kawo su. Wanda abin ya dama, ga hanya nan."

Kafin azahar rabin masu makoki sun naɗe tabarmi. Tuwon ranar ya yi saura da yawa, gurguwar da 'yan kwikwiyon suka ci suka ƙoshi.

Ni da maigidana muka koma binne sauran. Muna cikin haƙa sai ga dogon saurayin nan mai sanyin murya, da shebur a kafaɗa. Ya naɗe hannun riga ya shiga ramin. Da muka gama ya ce, "Madam, ni har gobe ban yarda da ajiye su ba. Amma wannan zalunci ne, kuma na gaya mai." Taubashina bai zo ba.

An sayar da filin. An sare gawon, an fara jera bulo. Har yanzu nakan je gidan Kawu da safe kafin lakwal in fita da ukun nan, kuma har yanzu in sun lashe ni sai tsigar jikina ta tashi. An yi musu ɗan shinge a bayan madafa, amma gurguwar ta ƙi shi. Ta zaɓi bakin zaure, nan take kwanciya a gicciye, Inna kuma ta hana a kore ta. Kowace safiya taubashina yakan zo gai da mahaifiyarsa cikin farar riga. Yakan tsaya a waje ya yi sallama, ya jira, yana kallon sama, har gurguwar ta ga dama ta ja ƙugunta ta ba shi hanya.

Allah ka ji ƙan Kawu, ka yafe masa zafin bakinsa, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da waɗanda ba su da bakin roƙo.